Ƙaho da Yumɓu a Maƙerar Mati

Ni mai walda ne a Sabon Gari, cikin Maraɗi. Ƙofofi nake haɗawa da tagogi da gadaje, kuma ba yabon kai ba, ƙofar da ta fito daga hannuna ba ta kuka. Amma in wani ya kira ni maƙeri ba na waiwayawa, don na san mai sunan. Mahaifina ne, Mati Maƙeri na Tibiri, wanda ya shekara hamsin da ɗoriya a gaban uwar maƙera ɗaya, cikin rumfa ɗaya a bayan gidanmu. Ni Ilyasu, autansa, na gudu daga hayaƙin maƙera na faɗa hasken walda, shi kuwa bai taɓa yafe mini wannan gudun gaba ɗaya ba.

Muna yara ba ruwanmu da agogo. In masaba ta fara ƙara, lokacin tafiya lakwal, wato makaranta, ya yi. In ta yi shiru, azahar ce. Ranar Laraba, ranar kasuwa, ƙofar rumfar nan ba masaka tsinke: jakuna, kekuna, manoma zaune a kan kututture kowa riƙe da hauyarsa kamar masu jiran likita. Har daga Jiratawa ake zuwa. Ka duba fa, mutum ya baro Jiratawa, ya ratsa Maraɗi kaf, ya wuce maƙera sun fi ashirin, ya zo Tibiri saboda bakin garma ɗaya. Dalilin kuwa ƙasarsu ce. Laka ce gauraye da yashi, cin ƙarfe take yi a hankali. Bakin garmar shanu na wani maƙerin damina ɗaya yake yi ya dakushe, na Baba kuwa yakan ga damina uku, har da noman rani a tsakani.

Cikin masu zuwa daga can akwai Baba Dodo, wani dogon tsoho mai wushirya, abokin Baba tun suna samari. Shi bai taɓa ɓoye cewa a kan hanyar kakanninsa yake ba, yana zuba wa iskokin gidansu farau-farau, yana yanka musu kaza in shekara ta juyo. In Baba ya tashi salla sai ya zauna a bakin tabarma yana cin goro, in aka sallame ya ce, "Ka gaishe min da mala'ikun naku?" Baba ya ce, "Na gaishe su, sun ce har yanzu suna jiranka." Shekara arba'in suna wannan maganar, ba wanda ya matsa ko taki ɗaya.

Baba ya kasa ƙarfe gida biyu, ƙosasshe da mayunwaci. Ƙosasshe shi ne wanda ya ci gawayi tun inda aka narka shi, kamar rasor, wato fallayen ƙarfen nan da ake jerawa a ƙarƙashin kamyo, manyan motocin nan, don su ɗauki nauyin kaya. Shi wannan taurin kai gare shi a ƙarƙashin masaba, sai ka ba shi gumi. Amma in ka gasa shi ya yi ja ka tsoma shi a baƙin mai, sannan ka ɗan sake nuna masa wuta don gautsi ya fita, sai ya yi tauri ciki da waje. In ka kuskura ka ba shi ruwa maimakon mai, sai ya tsage. Mayunwaci kuwa irin na ƙofa da taga ne, irin nawa ke nan. Yana da ladabi, inda ka ce ya bi nan yake bi, amma ko cikin Gulbi ka tsoma shi bai san an yi ba.

Da na shiga makarantar koyon sana'a a Maraɗi, mushe, wato malaminmu, ya cika allo da lambobi, ya ce abin da ke raba su sunansa karbon, wannan yana da kaza cikin ɗari, wancan bai kai ba. Na dawo gida ina hura hanci na karanta wa Baba.

Ya ce, "Shi karbon ɗin mi ne ne?"

Na ce, "Kusan dai gawayi ne."

Ya ce, "To, ka gaida mushe."

Bara ne kafaɗarsa ta dama ta fara ba shi labari. Ni ke kawo masa rasor daga wurin masu tsofaffin ƙarafa duk bayan mako biyu, don haka da idona na gani. In ya yi bugu goma sai ya tsaya, ya yi kamar yana gyara wuta, alhali wuta lafiyarta lau. Innata Tabawa ta gaji da shafa masa man kaɗanya. In ka ce ya huta ya harare ka. Ana haka Baba Dodo ya aiko cewa bakin garma bakwai ake so kafin ruwa ya sauka, nasa biyu, biyar na maƙwabtansa na bakin kanal, hanyar ruwan noman rani. Bakwai, na rasor, da kafaɗar nan. Na kwana biyu abin yana cina.

A nan ne wayona ya tashi, wayon ɗan birni. Akwai wani falle mai kauri a shagona, ragowar ƙofar wani sito. Na yanka shi daidai faɗin rasor, na ɗan lanƙwasa shi yadda rasor yake, na huda tsakiya. Na yayyafa masa ruwan gishiri na bar shi bayan shago kwana goma har ya yi tsatsa, na goge shi da baƙin mai da ƙasa. Wallahi ko mai kamyon da kansa sai ya rantse daga motarsa aka ciro. Na ce a raina, ƙarfe ai ƙarfe ne, in bai kai damina uku ba ya kai ɗaya da rabi, kafin nan kafaɗa ta warke a yi musu na gaske. Na san karatun mushe sarai, na dai tura shi bayan kaina.

Na sauke masa na ce, "Na sababbin kamyo ne, Baba."

Ya ɗaga ɗaya ya juya, ya ajiye.

Da na koma ranar Juma'a, tun daga bakin hanya na ji masaba tana tafiya ba tsayawa, irin bugun da na sani ina yaro. Na tarar da shi ya tuɓe riga, gumi na bin furfurar ƙirjinsa, bakin garma biyar jere a ƙasa. Da ya gan ni ya yi dariya har da buga ƙafa.

"Ilu! Taho ka gani. Ƙarhina ya dawo! Ƙarhen ga bi na yake kamar tuwo. Na hwaɗa ma uwarka man kaɗanyarta ya yi aiki, ta ƙara kwaɓo wani."

Inna ta leƙo daga zaure tana murmushi, ta ce, "Auta, ka ga tsohon naka? Jiya har waƙa yake." Na yi shekaru ban ga fuskarsa haka ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, daɗi sosai, har na yaba wa kaina a kan moto, wato babur ɗina, ina komawa gida.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mako biyar da saukar ruwa, wata Laraba ina Tibiri, sai ga Baba Dodo ya sauka daga kabu-kabu da wani abu naɗe a tsumma. Bai yi tsokanar da ya saba ba. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi kafaɗa, ya tambayi har akuyoyi, sannan ya warware tsumman ya ajiye a kan uwar maƙera. Bakin garma ne, ɗaya daga cikin bakwai. Kaifinsa ya tafi gaba ɗaya, ya zama kamar bayan cokali, hancinsa ya naɗe sama.

Baba ya ɗauka ya shafa da babban yatsa. Ya daɗe yana shafawa.

"Duka bakwai?"

"Duka," in ji Baba Dodo. "Mati, ba ƙara na kawo ba. Cewa na yi ko wurin ga yana son jini. Shekara nawa ba ka ba uwar maƙera komi ba? Ni in kawo baƙar kaza, kai ka juya baya, ba ruwanka."

Da a wata rana ce da Baba ya ba shi amsar da za su yi mako suna dariya. Ran nan sai ya girgiza kai kawai.

"Bar kazarka ta yi ƙwai, Dodo. Ba wuri ba ne. Hannu ne ya mutu." Ya ajiye ƙarfen. "Bari in gama sauran aikin mutane da ke nan, in kashe wuta. Ba a aza ma shanun mutane wahala don tsoho yana son jin ƙarar masaba."

Ina tsaye a jikin ginshiƙin rumfa ina jin komai. Garin gyaran gira na tsone ido, kuma ba idona ba. In na yi shiru, ya kashe wutarsa a kan laifin da ba nasa ba. In na yi magana, na ƙwace masa ƙarfin nan da ya yi wa waƙa, na gaya masa a gaban abokinsa cewa ɗansa ya mai da shi yaron da ake ruɗi da alewa. Na zaɓi abin da matsoraci yake zaɓa, na ce ina da aiki a shago.

Kwana uku ban haɗa ƙofa ɗaya daidai ba. A na huɗu na hau moto na nufi Jiratawa, da nufin in karɓo sauran shidan in ɓatar da su, in sayo wasu a kasuwa in mayar, kamar hakan zai gyara wani abu. Gari ya yi kore shar, zogale jere a bakin kanal, masara ta kai gwiwa. A wata gona na ga shanu biyu suna jan garma suna nishi, mai su ya danne ta da dukan nauyinsa, ita kuwa sai shafar ƙasa take tana tsalle. Da ya ji ko ni wane ne sai ya saki garmar ya zo ya kama hannuna.

"Ɗan Mati? Allah sarki. Yaya jikin tsoho? Ka ce mishi kar ya damu, kowa da ranarshi. Ubana ma da haukarshi ya yi noma." Ya so ya ce hauyarsa, harshe ya zame, ya gyara yana ba ni haƙuri. Tausayin nan nasa ya fi mini zagi ciwo. Da ma cewa ya yi an cuce shi.

Baba Dodo ya tattaro mini shidan da kansa, ya ɗaure su da igiya a bayan moto. Yana ɗaurewa yana magana, bai dube ni ba.

"Ɗana, ku lallashe shi. Ni na san gidanku tun ba a haihe ka ba. Kakanka ranar da ya aje masaba lahiyarshi lau, yana cin tuwo malmala biyu. Bai ga kaka ta biyu ba. Su irin ga wuta ce ke riƙe da su."

Ban bi ta kasuwa ba. Na ratsa Maraɗi kai tsaye, ban ko tsaya gidana a unguwar Zariya na sha ruwa ba, sai Tibiri. Na sami Baba zaune a rumfa bayan azahar, ya baje awartakai yana goge su ɗaya bayan ɗaya. Na sauke ƙarafan a gabansa, na durƙusa, na faɗa masa komai: fallen sito, ruwan gishiri, baƙin mai, har hudar da na yi a tsakiya. Na ce kafaɗarsa na tausaya wa. Na ce hannunsa lafiya lau yake, nawa ne ya yi ɓarna, ya yi mini duk abin da ya ga dama.

Na zaci zai ɗaga murya, don Baba ba ya cikin masu haɗiye fushi. Sai ya ci gaba da goge awartakin da ke hannunsa har ya gama, ya ajiye shi a layi.

"Gishiri ka sa?"

"Gishiri, Baba."

"Ya yi tsatsa mai kyau." Ya ɗauki wani awartakin. "Gobe ka biya mahauta ka samo min ƙahon sa, kamar guda goma, da kofato in akwai. Ka biyo da kanwa. Yumɓu akwai nan bakin tabki."

Na ce, "Na me?"

"Mayunwaci ka kawo min. Sai a ba shi abinci."

Abin da muka yi a makon nan ban taɓa gani ba, ko da yake a gidan aka haife ni. Kwana biyu Baba yana sake fitar da bakin kowane ɗaya a wuta, ya miƙe hancin da ya naɗe, ya ja kaifi. Ni kuma aka ba ni ƙaho. Na babbaka, na kankare, Inna ta daka a wani tsohon turmi tana toshe hanci da gefen mayafi, tana cewa ita dai ba a gaya mata wannan ba ranar da aka kawo ta gidan maƙera. Wari kam ya yi wari, har maƙwabta suka aiko tambaya ko lafiya. Baba ya haɗa garin ƙahon da garin gawayi da ƴar kanwa, ya kwaɓa da ruwa kaɗan, ya dame bakin kowace garma da shi, kauri kamar yatsa. Sannan ya lulluɓe da yumɓun da aka cuɗa da ƙaiƙayi, ya shafe ko'ina, ya bi da yatsa yana neman kafa. Ya ce in iska ta sami ƙofa, ita za ta cinye abincin ba ƙarfe ba.

Yana shafawa yana ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Ya ce kafin kamyo su yi yawa har su fara mutuwa a bar wa maƙera ƙasusuwansu, ubansa da ƴan'uwansa daji suke shiga da rani su haƙo tama, su gina tanda, su kwana uku suna narka ta. Abin da ya fito ba ka da zaɓi a kansa. Wani gefen dunƙulen ƙosasshe, wani mayunwaci, sai ka sare ka rarrabe. Ƙosasshen a ajiye don wuƙa da aska, mayunwacin a yi hauya, a ciyar da bakinta da ƙaho. Ya ce yana ɗan shekara tara aka fara ba shi kankarar ƙaho, ya yanke yatsa, ubansa ya ce ba komai, an ƙara wa haɗin gishiri. Ya nuna mini tabon. Shekara arba'in da biyu ina ganin hannun nan, ban taɓa tambayar tabon ba.

"Da rasor ya zo muka watsar," ya ce. "Wa zai tsaya wari kwana bakwai ga ƙarhe ya taho da cikinshi cike? Ni kaina rabona da yin wanga tun kahin a haihi yayanka."

Kwana uku yumɓu yana bushewa, biyu a inuwa, ɗaya a rana. Ranar wuta muka haƙa dogon rami a tsakar rumfa, muka shimfiɗa gawayi, muka jera su bakwai kamar jarirai cikin zane, muka rufe da wani gawayin. Baba ya shiga ɗaki ya fito da zugazugin ubansa na fatar akuya, ya ce da shi za a yi. Na matsa sau ɗaya, fatar ta yage, ƙura ta tashi ta cika mana ido. Ya yi dariya har da tari, ya ce to a koma wa keke. Fanka ce da ya haɗa da tsohon wilin keke tun ina lakwal, ana juya ta da hannu. Na zauna na kama.

Tun hantsi nake juyawa. Ba a so wuta ta yi fari, ba a so ta koma jan garwashi, sai tsakani, kuma a riƙe ta a nan. In na yi sauri ya ce, "Ba tsere muke ba." In na sassauta ya ce, "Ko walda ta cinye maka hannu?" Na canza hannu ya fi sau ɗari. Azahar ta yi, ya je ya yi salla ya dawo ya karɓe ni da hannun hagu na je na yi tawa. Na tambaye shi yaushe za a gama. Ya ce ƙarfe ba ya haɗiya, tsotsa yake yi, kuma daga fata yake farawa. Duk yinin nan abin da zai shiga bai fi kaurin farce ba. Rumfar ta cika da ƙaurin nan da ƙarar wilin keke, Inna tana aiko mana da fura a ƙwarya. Na tuna ranakun da nake zaune daidai wurin nan ina ƙirga mintocin da zan gudu in je ƙwallo. Da za a dawo mini da su, da na zauna.

Bayan la'asar ya ce ya isa. Na jawo tulun baƙin mai, ya daka mini tsawa.

"Ruwa! Wanga ba rasor ba ne. Hwatarshi kaɗai ta ci, cikinshi na nan da taushinshi, ba ya tsagewa. Kawo ruwa."

Ya zaro na farko da awartaki, ya ɗora a uwar maƙera, ya buga sau ɗaya, yumɓu ya tarwatse. Ƙarfen ya fito ja wur, ya cilla shi cikin ruwa kafin ka ce kwabo. Tururi ya tashi har rufin rumfa. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, hannunsa bai yi rawa ba ko sau ɗaya, ni ne ma na kusa kifar da bokiti.

Da suka huce ya miƙa hannu ya zaro magagari daga jikin azara. Ya ɗauki ɗaya ya goga a bayansa, inda ba a shafa ƙaho ba. Magagari ya kama, garin ƙarfe ya zubo. Ya juya ya goga a kaifin. Sai magagarin ya zame, ya yi wata siririyar ƙara kamar an ja cokali a kan kwalba, ko tabo bai bari ba. Ya miƙo mini na gwada da dukan ƙarfina. Ko gezau.

Na yi tsalle kamar ba magidanci ba. Na ce, "Baba, ka gani! Wa ya ce hannu ya mutu? Ai ga hanya ma ta samu. In riƙa kawo maka mai taushi, ba wahalar kafaɗa, ka ƙera, mu ciyar da shi ƙaho. Ni zan riƙa zuwa ina juya keke duk Lahadi. A bar maganar kashe wuta."

Ya gwada bakwai ɗin duka, kowane gaba da baya. Ya jera su a jikin bango.

"Ka hwaɗa ma Dodo kar su wasa su a dutse ta gaba, su cinye hwatar. In sun kiyaye, sa ga damina biyu." Ya zauna a kan kututturensa, magagarin na hannunsa. "Zamna, Ilu."

Na zauna.

"Kana cewa ka ruɗe ni. Shekara hamsin ina bugun rasor, ka ce ban san muryarshi ba? Tun bugun hwarko na sani. Hannuna ya hwaɗa min, kunnena ya hwaɗa min. Na ce su yi min shiru." Ya juya magagarin a tafinsa. "Daɗi na ji. Na ɗaga masaba ta sauka inda nake so, ba ciwo, kamar ina ɗan talatin. Na ce bari in ƙara kwana ɗaya a haka. Da na tsamo su daga mai, abin ga yana nan soke inda ka ga na zaro shi. Na dube shi, na ɗauke kai. Tun da ubana ya ba ni awartaki ban taɓa sallamar ƙarhe ban sa mishi magagari ba, sai ran nan."

Na ce, "Baba, ai ni na jawo."

"Kai ka yi ƙarya don tausai. Ni na aika abokina gona da abin da na san ba ya ci, ya azabtar da shanunshi mako biyar, don in ji ni yaro ne. Ciwon kahwaɗa ba ya hana ƙira, Ilu, ana ƙira da hannun hagu. Amma maƙerin da ya hwara jin tsoron magagari, ya gama. In na yi sau ɗaya ina iya ƙarawa, kuma ba kullum za a samu mai zuwa ya durƙusa ba."

Na yi magiya. Na kawo masa sunan Baba Dodo, na kawo na Inna, na kawo na manoman da ke zuwa ranar Laraba. Ya bar ni na gama, yana kallon ramin da garwashi ke mutuwa a ciki. Hawaye suka zo mini, ban ɓoye su ba, don na san muryar nan tasa, ba a taɓa juya ta ba.

Ya nuna kusurwar rumfa da haɓa, inda buhun gawayinsa yake jingine, saura fiye da rabi. Gawayin ƙirya ne, wanda ake kawo masa daga nesa. Tun muna yara ko ruwa ya jiƙa itace an rasa na girki, Inna ba ta isa ta ɗebi ƙwaya ɗaya a ciki ba.

"Ɗauki wancan ka kai ma uwarka," ya ce. "Ta dahwa tuwo da shi."

Na saɓa buhun na shiga gida. Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi buhun, ta dube ni, ta daɗe rariya na tsaye a hannunta. Sannan ta ce in ajiye shi can bayan murhu, inda ruwa ba ya zuwa.